Igiyar Ɗantala da Komau

Ɗantala mai igiya mutum ne da in ka gaishe shi da fara'a fiye da yadda ka saba, sai ya koma gida ya ƙirga awakinsa. In ka ba shi goro ba zai ƙi ba, amma sai ya ɓare shi, ya juya wannan ɓari ya juya wancan, ya dubi goron ya dube ka, kafin ya kai baki. Mutanen Kwanyawa sun san shi da haka tun yana saurayi, kuma ba su ji haushi ba, don rashin yardar nan tasa ita ta sa suka yarda da shi. Wanda bai yarda da kowa ba, in ji su, ba mai iya sayensa. Shi ya sa in mutum ya mutu ya bar gona, malamai suka gama faɗin wa zai sami me, Ɗantala ake kira ya auna ƙasar ya yanke wa kowa rabonsa. Daga Kwanyawa zuwa Kurugu, har cikin ƙauyukan Rogo, da wuya ka sami gonar gado da ba ta san tafin ƙafarsa ba.

Kayan aikinsa igiya ce guda ɗaya, ta rama, kamu ashirin, da ƙulli a kowane kamu biyar. A tsakar gidansa akwai turke biyu na ƙirya da mahaifinsa ya kafa, tsakaninsu kamu ashirin cif. In igiya ta tsufa, sai ya zauna a inuwa bayan la'asar ya tufka sabuwa, ya ja ta daga wannan turke zuwa wancan ya yanke. Ba a ɗaure akuya a turakun nan. Matarsa Kande ta taɓa gwadawa sau ɗaya tana amarya, ba ta sake ba.

Shi ya kawo kalmar komau garin. Asalinta kuwa, wata rana ya raka Kande asibiti a Karaye, ya tura ƙofa ya shiga, ƙofar ta biyo shi ta rufe kanta har ta bugar masa dunduniya. Ya waiga yana neman wanda ya turo ta, ba kowa. Wani ma'aikaci ya nuna masa murɗaɗɗen ƙarfe a saman ƙofar ya ce sifirin ne. Ɗantala ya ce ba ruwansa da sunan da masu shi suka raɗa masa, shi dai abin da ya gani abu ne da ka buɗe shi ya ƙi zama inda ka ajiye shi, saboda haka sunansa komau. Daga ranar duk abin da ke komawa da kansa ya shiga wannan suna: ƙarfen jingine babur da ke tashi ya manne, biro mai dannawa, tarkon ɓera na kanti, har wando mai roba. Shi kam har ya bar duniya bai sa wando mai roba ba. Mazagi yake ɗaurewa, don ya ce in ya ƙulla ya san shi ya ƙulla.

Majalisar gindin durumi ta sami abin zolaya. Yau a tambaye shi ko danƙon harbin tsuntsu komau ne, ya ce a'a, danƙo gaba yake nema, ja da bayansa irin na rago ne. Gobe a ce to guga fa, ya ce guga ba ya fitowa sai ka jawo shi, ba ya komawa sai ka zura shi, bawan Allah ne. Wani ya kawo kunkuru, Ɗantala ya ɓata rai ya ce kada a sa halittar Ubangiji cikin wasa. A ƙarshe dai ya tsayar musu da magana: komau abu ne da ɗan Adam ya ƙera, ka ja shi ya zo, ka sake shi ya koma, kuma ba ka ganin abin da ke jan sa. Wannan na ƙarshen shi ne laifin. Duk abin da ke da ciki yana da abin ɓoyewa, igiya kuwa ba ta da ciki, kana ganinta daga kai har wutsiya. Da mutane suka fara kiran wanda ya yi alkawarin zuwa gayya ya noƙe da sunan komau, Ɗantala bai ji daɗi ba, ya ce ana lalata masa kalma.

Yadda yake aiki ba ya canjawa. Ana gobe rabo, zai je gonar bayan la'asar da shaidu biyu, ya auna tsawonta gaba ɗaya, ya kai wa malam adadin igiyoyin. Kashegari, ana idar da asuba yana bakin gona. Abu na farko, ya yi bisimilla ya warware igiyar ya shimfiɗa ta a kan ciyawa don kowa ya gan ta da idonsa. Nan za ta zauna har magada su taru, a gaisa, a tambayi gida da gajiya da haƙurin rashi, a yi wa mamaci addu'a, a jira dattijon da kullum sai ya makara, shi ma a gaisa da shi daga farko. Sannan a fara awo. Kuma Ɗantala yana da wata ƙa'ida da yake taƙama da ita fiye da komai: mai rauni ake fara sallama. Mata da marayu su yake fara yanke wa nasu, da sanyin safiya, kada su tsaya a rana. Babban magaji shi ne na ƙarshe, abin da ya rage nasa ne, ba sai an sake jan igiya ba. An sha sa masa albarka saboda wannan.

Sau ɗaya aka taɓa tayar masa da magana. Wata mata Hajo, a Kurugu, ta ƙirga kunyoyin rabonta ta ƙirga na ƙanenta Audu, ta ce nasa sun wuce ninki biyun da shari'a ta ba shi. Aka zo aka roƙi Ɗantala ya sake aunawa. Ya ce shi ba ya awo sau biyu, igiyarsa ta riga ta yi magana, in gona ta ragu a tambayi maƙwabcin iyaka. Maƙwabcin iyakar kuwa Audu ne. Maganar ba ta fi haka ba, amma daga bakin Ɗantala ta fito, saboda haka ta zauna. Tun daga nan ba a ƙara sa Audu shaidar komai ba a Kurugu.

Da kakar shekarar da aka canja launin kuɗi, Malam Sulle ya rasu ya bar gona da 'ya'ya biyu, Halliru da yayarsa Turai. Ɗantala ya auna ya sami igiya ashirin da huɗu, wato takwas na Turai, sha shida na Halliru. A gonar akwai wata ƙatuwar ɗorawa da mahaifiyarsu ta yi shekara da shekaru tana ɗiban kalwarta tana daddawa, kuma Turai ce ta gaji sana'ar. Mijinta ya rasu, da daddawar take riƙe da gidanta. Da safiyar rabon aka fara daga gefen Turai, ana ja ana kafa tsinke, kowa yana kallon bishiyar tana matsowa. Igiya ta takwas ta ƙare saura taku biyu a kai gindinta. Nan aka dasa gamba aka yi iyaka, ɗorawa ta faɗa wajen Halliru. Turai ta dubi bishiyar, ta dubi ƙaninta, ta dubi Ɗantala.

Shekara tara tana gaishe shi a hanya, ta durƙusa har ƙasa, ta ce Baba ina kwana, amma gaisuwar ba gishiri. Ɗantala ya lura, don ba abin da ke wuce shi, ya kuma ajiye a ransa cewa matar nan tana dafa wani abu.

Abin ya nuna ne da wata kaka, lokacin da Halliru ya ce inuwar ɗorawar tana cinye masa dawa, ya shirya da masu itace daga Kano su zo da mota su sare ta kashegarin kasuwar Karaye. Turai ta ji, ta yafa mayafi ta tafi gidan mai unguwa, ba ita kaɗai ba, tare da surukinta Ɗanmaliki, wani magini daga Rogo da ke auren 'yarta. Ta ce ba ta zargin kowa da baki, amma tana roƙo a sake auna gonar kafin a sa wa bishiyar gatari. Mai unguwa ya aika a kira Ɗantala.

Yana zuwa ya ga biri ya yi kama da mutum. Ga Turai a gefe ta sunkuyar da kai, ga baƙo ɗan Rogo da hula a karkace, ga kuma wani ɗan abu mai ƙyalli a maƙale a ƙugunsa. Ɗanmaliki ya gaishe shi da ladabi, har ladabin ya yi wa Ɗantala yawa. Ya ciro abin ya ce tef ne na awo, da shi suke fitar da harsashin gini. Ya ja harshen ƙarfen ya fito zar, duk lambobi a jiki, ya sake shi, ya koma ciki da gudu ya yi ƙas. A duk komau ɗin da Ɗantala ya taɓa gani babu wanda ya kai wannan rashin kunya, don shi ƙasar mutane ya zo ci.

Ya tambayi maginin wa ya rubuta lambobin, ya ce a kamfani aka yi. Ya tambaye shi ko ya san mutumin, ya ce a'a. Ya tambaye shi nawa ne ya rage a cikin cikin abin in an ja shi, ya ce ba ya raguwa. Ya ce a buɗe a gani, Ɗanmaliki ya ce in aka buɗe sifirin ɗin zai tarwatse. Ɗantala ya juya ya dubi jama'a, don amsar ta yi masa aikin.

Sai dai mai unguwa ya ce tunda mace ta kawo kuka, ba a mayar da ita haka. Nan Ɗantala ya kawo shawarar da yake ganin za ta kashe maganar har abada. Ya ce ba za a taɓa gona ba tukuna, a fara gwada shaidan da suka kawo, wato tef ɗin. A auna igiyarsa da tef ɗin yanzu, a sake aunawa gobe da safe a bakin gonar. Igiya ɗaya ce, kowa ya san ta. In komau ya faɗi magana ɗaya sau biyu, ya yarda a saurare shi. In ya faɗi biyu, to a san abin da aka kawo garin. Ɗanmaliki ya yi murmushi ya ce ya yarda. Aka miƙe igiyar a ƙofar gidan mai unguwa, da ranar la'asar a kanta, aka bi ta da tef gaɓa-gaɓa, aka sami ƙafa talatin daidai. Malamin makarantar firamare ya rubuta a takarda. Ɗantala ya naɗe abarsa ya tafi da ita, ya kwana da ita a ƙarƙashin matashinsa.

Da safe rabin gari ya fito. Ɗantala ya riga kowa, ya yi bisimilla ya shimfiɗa igiya a kan ciyawa kamar kullum. Aka taru, aka gaisa, aka jira mai unguwa, aka gaisa da shi, aka jira liman. Raɓa ta jiƙa wa kowa bakin wando. Sannan aka miƙe igiya, Ɗanmaliki ya durƙusa ya bi ta da tef. Da ya kai ƙarshe sai ya koma farko ya sake. Malamin makaranta ya leƙa ya karanta wa jama'a: ƙafa ashirin da tara ma ba ta cika ba.

Dariya ta tashi har da masu riƙe ciki. Wani ya ce komau ya haɗiye ƙafa guda da kwana ɗaya, in aka ba shi mako sai ya haɗiye Kwanyawa. Ɗanmaliki ya tsaya yana juya tef ɗin a hannu, gumi na keto masa da sanyin safiyar. Halliru ya ce to shi ke nan, masu itace suna nan zuwa jibi. Turai ta tashi ta kaɗe zanenta ta kama hanya, ba ta waiwayi bishiyar ba. Ɗantala kuwa aka raka shi har gindin durumi ana yi masa kirari, ya zauna ya sha yabo har rana ta take. Daɗin da ya ji ranar bai taɓa jin irinsa ba.

Da ya koma gida ya ba Kande labari, ya ƙara gishiri inda ya kamata. Tana tankaɗe tana saurare. Da ya gama sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To, Allah ya kyauta. Ni dai, Malam, igiyar shanyata in ta kwana a raɓa da safe sai in same ta ta ɗame kamar tsarkiya, rana na yi kuma ta saki har zani ya taɓa ƙasa."

Ɗantala ya ce igiyar shanya daban, igiyar awo daban, kuma ya tambaye ta yaushe rabonta da Turai. Ta ce tun sunan gidan liman. Bai yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza, ya ce a ransa, an biyo ta cikin gidansa ke nan. Don ya kunyata ta kawai ya ɗauki igiyar ya tsoma a bokitin ruwa, ya bar ta ta sha, ya ce ta zo ta gani da idonta. Ya maƙala kai ɗaya a turken farko, ya ja zuwa na biyu. Igiyar ta tsaya saura kusan kamu guda.

Ya ja da ƙarfi, ta ɗan biyo shi, ya sassauta, ta koma. Ya tsuguna ya duba gindin turken ko an matsar da shi, ya ga ƙasar ta daskare tun zamanin mahaifinsa. Ya duba ɗayan. Ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya ko wani ya ƙara masa ƙulli yana barci. Ya zargi Kande, ya zargi bokitin, ya zargi ramar bana. Da waɗanda zai zarga suka ƙare, sai ya shanya igiyar a kan danga ya zauna yana gadinta, ko masallaci da ita ya tafi. Kashegari da azahar ta bushe ƙayau, ya ja ta tsakanin turakun, ta kai cif kamar ba ita ba.

Nan ya zauna a ƙasa, a tsakar rana. Lissafin ba wuya, shi ne ma abin da ya fi ciwo. Yana auna gona duka da busasshiyar igiya da yamma, ya yanke wa mata da marayu nasu da jiƙaƙƙiya da safe, ragowar ta tafi ga babba. Kusan kamu guda a kowace igiya, sau takwas, ya wuce taku biyu nesa ba kusa ba. Ɗorawar ta Turai ce tun ranar farko. Abin da ya shekara talatin yana rataye a kafaɗa, yana nuna wa mutane cewa ba shi da ciki, ashe shi ma ka ja shi ya zo, ka sake shi ya koma, kuma ba ka ganin abin da ke jan sa. Kunya ta kama shi, da tsoro, irin tsoron da mutum ke ji in ya tuna kabari.

Kada a yi masa ƙarya, ya yi tunanin yin shiru. Ba wanda ya sani sai Kande, ita kuwa ba ta da bakin kai magana waje. Gobe da safe za a sare bishiyar, magana ta mutu, ɗan Rogo ya koma da abin kunyarsa, sunan Ɗantala ya ƙara tsawo. In kuwa ya buɗe baki, ba gonar Malam Sulle kaɗai zai buɗe ba. Ya zauna yana jera gonakin a ransa, yana tuna fuskokin matan da suka durƙusa suka yi masa godiya don ya sallame su da wuri. Kande ta ajiye masa tuwo ya huce, ta ɗauke.

Da safe motar masu itace ta iso, sun sauke gatura suna ɗaure ɗamara, Halliru yana nuna musu inda za ta faɗi. Sai ga Ɗantala tafe, igiya a kafaɗa, bokitin ruwa a hannu, mai unguwa da liman a bayansa, don tun asuba ya buga musu ƙofa. An aika a kira Turai da surukinta. Jama'a suka biyo, suna zaton za a ƙara yi wa komau dariya.

Bai yi dogon bayani ba. Ya sa aka kafa tsinke biyu a kan tsawon busasshiyar igiyar, ya tsoma ta a bokiti, aka tsaya ana kallonsa kamar wanda ya taɓu. Da ta sha ya fitar ya miƙa wa Halliru kai ɗaya, ya ce ya ja da kansa. Halliru ya ja, ya sake ja, bai kai ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗantala, "tef ɗin yaron nan bai yi ƙarya ba. Igiyata ce take komawa in ta sha raɓa. Ni na tauye Turai, ba da sanina ba, amma da hannuna."

Halliru ya ce rabon da aka yi shekara tara da shaidu ba a tayar da shi, kuma ya riga ya yi magana da mutane sun taso mota tun daga Kano. Liman ya ce haƙƙi ba ya tsufa. Aka yi ta ja, masu itace suka zauna a inuwar bishiyar da suka zo sarewa suna cin rake. A ƙarshe mai unguwa ya ce a jira igiya ta bushe a sake awo, maginin kuma ya bi bayanta da tef. Sai bayan azahar aka fara. Igiya ta takwas ta wuce gindin ɗorawar ta bar shi a baya. Halliru ya tuge gambar da hannunsa, ransa a ɓace, ya mayar da ita inda aka nuna masa.

Da mutane suka fara watsewa, ba mai kallon Ɗantala, ya je inda Turai take tsaye, dattijo da furfurarsa, ya rage tsawo ya ce ta yafe masa.

Ta ɗaga kai ta dubi ɗorawar. Sannan ta ce, "Baba, shekara tara ina sayen kalwa a kasuwar Karaye, wata ma daga bishiyar uwata aka kaɗo ta. Wannan na yafe. Shekara tara kuma ina zaton Halliru ya ba ka wani abu a ɓoye, ko gidansa ba na shiga. Wannan ni zan je in roƙe shi." Ta gyara mayafinta. "Amma Hajo ta Kurugu ta rasu bara, har ta koma ga Allah ba ta yi wa Audu magana ba. Wannan ba ni ke da yafe shi ba."

Abin da ya ji tsoro shi ya faru. Ba a ƙara kiransa rabon gona ba, Ɗanmaliki aka koma ɗaukowa daga Rogo a kan babur. A gindin durumi aka daina tambayarsa ma'anar komau, in ya iso ma sai hira ta canja. Sauran shekarunsa biyar a hanya ya yi su, daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana sallama a gidajen da ba a gayyace shi ba yana cewa ya zo ya sake awo. Wasu suka karɓe shi, wasu suka ce kada ya tayar musu da fitinar da ta kwanta, wani ma ya saka masa kare. Zarginsa bai ragu ba ko kaɗan, sai dai ya sami sabon wanda yake zargi, kullum yana tare da shi.

Amma gidan da ya fara zuwa, kashegarin ranar ɗorawa, gidan Audu ne a Kurugu. Ya same shi a zaure shi kaɗai, ya tsufa fiye da shekarunsa, ido ya fara ba shi wuya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, don Ɗantala ya kasa samun bakin zaren. Da ya samu ya faɗi komai, har da maganar da ya yi ta a tambayi maƙwabcin iyaka. Ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, yana ma fatan a zage shi.

Audu ya murza carbinsa. Can ya ce, "Ai ni na san ban taɓa iyakar ba, Malam Ɗantala. Ita ce ba ta sani ba."

Ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya aika a kira 'ya'yan Hajo. Suka tafi gonar tare, tsofaffi biyu a gaba. Da suka isa ciyawa ba ta gama bushewa ba. Ɗantala bai shimfiɗa igiyar ba, ya riƙe ta a ƙirjinsa, suka zauna a kan kunya suna jiran rana ta take.